Me Ya Sa Muke Tuna Burmi Mu Manta da Satiru?

Duk ɗan Arewa da ya zauna a aji ko ya zauna gaban dattawa ya ji labarin Burmi. Ya ji yadda Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara bayan an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ya kama hanyar gabas da jama'a bila adadin, Turawa suka bi sawunsa har ƙasar Gombe, suka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. An san ɗansa Mai Wurno ya wuce da ragowar jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake amsa sunansa har gobe. Haɗejawa ma ba su manta da Sarki Muhammadu ba, wanda ya gwammace ya mutu a fagen fama a watan Afrilun 1906 da ya miƙa wuya, shi ya sa suke ce masa Mai Shahada.

Waɗannan duka sun cancanci a tuna da su. Abin da yake damuna shi ne akwai wani gari da ya yi wa Turawa ɓarnar da dakarun Kano da na Sakkwato ba su yi musu ba a 1903, amma da wuya ka ji sunansa a bakin maroƙi ko a jawabin ranar 'yancin kai. Sunan garin Satiru, kimanin mil 14 kudu da birnin Sakkwato. Ra'ayina shi ne mantuwar ba ta haɗari ba ce. An manta da Satiru ne saboda su wane ne suka yi boren, da kuma su wane ne suka taya Bature murƙushe shi. Wanda kuma yake son ya gane abin da ke haifar da juyin juya hali, da abin da ke kashe shi tun yana jariri, zai fi samun darasi a Satiru fiye da Burmi.

Satiru ƙauye ne na malaman karkara da almajiransu da manoma, wanda tun kafin zuwan Nasara ba ya ga maciji da fada. Bayan cin Sakkwato sai ya ƙara zama mafakar bayin da suka tsere daga rumada. A 1904 shugaban garin, Malam Maikaho, ya yi da'awar Mahadanci, aka kama shi aka kai Sakkwato, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 sai ga wani baƙo ya iso daga yamma, malami makaho Bazabarme da ake kira Ɗan Makaho. Shi ma ba haka kawai ya zo ba. A ƙarshen 1905 ya jagoranci bore a Kobkitanda, a ƙasar Dosso, inda talakawa suka ƙi biyan harajin Faransawa, suka ƙi aikin tilas. Faransawa suka watsa su da taimakon Zarmakoy na Dosso, wutar ta kuma kama Karma a bakin Kwara, can ma aka kashe ta. Ɗan Makaho ya tsallaka iyakar da Ingila da Faransa suka shata, wadda a wurinsa ba iyaka ba ce, ya sauka Satiru.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 Turawan Sakkwato suka fita da rundunar sojan doki don su kamo shugabannin garin. Razdan Burdon ya riga ya kama hanyar tafiya hutu, ya bar muƙaddashinsa Hillary. Sun ɗauka aikin yini guda ne. Mutanen Satiru suka fito musu da fartanya da gatari da kwari da baka, suka afka musu kafin sojoji su gama shirya sahu, dawakai suka firgita, rundunar ta watse. Aka kashe Hillary, da mataimakinsa Scott, da Laftana Blackwood, da sojoji baƙar fata 25, aka kuma bar wa mutanen garin bindiga mai ruwa a fili. Malam Isa ya samu raunin da ya zama ajalinsa, jagoranci ya koma hannun Ɗan Makaho.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. A wannan makon Bature ba shi da wani ƙarfi a ƙasar Sakkwato. Yawancin sojojin Gwamna Lugga suna can kudu, an tura su yaƙar Tibi bayan rikicin Abinsi a bakin Binuwai. Daga Zungeru, hedikwatar Arewa ta wancan lokaci, zuwa Sakkwato tafiyar makonni ce. 'Yan Turawan da suka rage a bariki ba su da abin kare kansu in har birni ya tashi. Shekara uku kacal ke nan da cin ƙasar, waɗanda suka yi yaƙin Giginya, wato yaƙin kare Sakkwato a 1903, suna raye, takubbansu suna rataye a ɗaki. In da akwai ranar da za a iya korar Nasara daga Sakkwato, ko da na ɗan lokaci ne, to ita ce wannan.

Birni bai tashi ba. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, wanda Lugga ya naɗa a Maris ɗin 1903, ya tsaya tare da Turawa, ya ba su kariya. Marafa Maiturare na Gwadabawa, wanda shi ma daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya ɗebi mayaƙa ya nufi Satiru, bai ci nasara ba. Sauran manyan sarakuna suka yi ta aika wa Turawa saƙon biyayya. Wannan ne ya ba Lugga lokacin tattaro sojoji sama da 500 a ƙarƙashin Manjo Goodwin. Ranar 10 ga Maris suka isa Satiru da bindigogi masu ruwa, dawakin fada suna biye. Ba yaƙi aka yi ba, yanka aka yi. An kashe mutum kimanin 2,000, aka bi waɗanda suka gudu daji aka ƙarasa su, aka kwashe mata da yara kusan 3,000, da yawansu aka raba wa manya. Aka ƙone garin, aka rushe shi, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makaho aka gurfanar da shi a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa a bainar jama'a. Abin ya kai har Winston Churchill, wanda lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, ya yi tambaya a rubuce cewa da wane ido za su tsawata wa gwamnatin Natal ta Afirka ta Kudu kan kisan 'yan Afirka alhali ana yin irin wannan a ƙarƙashin ikonsu kai tsaye. Sarkin Musulmi kuwa lambar girma ta CMG aka ba shi.

Me ya sa sarakuna suka zaɓi ɓangaren da suka zaɓa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ta addini: mutanen Satiru sun yi da'awar ƙarya, babu malamin kirki da zai bi su. Akwai gaskiya a ciki. Amsa ta biyu ita ce tsoro, sun ga abin da igwa ta yi wa ganuwar Kano, sun ga Burmi. Ita ma gaskiya ce, kuma ba na cikin masu zagin Wazirin Sakkwato Buhari don ya zauna ya yi sulhu da Turawa a 1903. Ya rubuta hujjarsa ya aika wa malamai: Nasara sun yi alkawarin ba za su hana salla da azumi ba, kuma in kowa ya yi hijira wa za a bar wa talakan da ba shi da dokin hawa? Wannan hujja ce ta mai hankali da aka ritsa. Amma lalurar da ta halatta maka ka sunkuyar da kai a 1903 ba ita ce ta sa ka ɗaura wa doki sirdi ka bi Bature kisan manoma a 1906 ba, balle karɓar matansu da 'ya'yansu. Dole akwai wani dalilin, kuma a ganina dalilin yana gona.

Arzikin manyan daular Sakkwato a kan bayi yake. Gandayen sarakuna da na hakimai da na attajirai bayi ke noma su. Da Lugga ya zo, ya yi shelar 1901 wadda ta hana kai hari don kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma bai 'yanta waɗanda suke cikin bauta ba. Wanda yake son 'yanci sai ya yi murgu ya tara kuɗin fansa, ya je gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Bayi kuwa ba su jira wata doka ba, da suka ga hargitsin 1903 dubbai suka kama gabansu. Wannan ya tayar da hankalin masu gandu, ya kuma tayar da hankalin Bature, domin in gonaki suka zama kufai babu harajin da zai tara. Nan buƙatar mai mulki da ta mai mallaka suka haɗu. Garin da yake karɓar bawan da ya tsere, yake ƙin biyan kuɗin ƙasa, yake cewa sarakunan da suka bi Nasara sun sauka daga turbar Shehu, ya fi zama barazana ga fada fiye da yadda yake ga bariki. In Satiru ta ci, ba Razdan kaɗai zai rasa kujera ba.

Don a ga ƙarfin wannan batu, a dubi juyin juya halin da duniya ta fi ambato, na Amurka. Ana koya wa yara cewa haraji ne ya jawo shi: dokar hatimi ta 1765, zubar da ganyen shayi a tashar ruwan Boston a 1773, taken cewa ba a ɗora wa mutum haraji in ba shi da wakili a majalisa. Haka ne. Sai dai haraji kaɗai bai taɓa kifar da daula ba, in ba haka ba da kowace shekara sai an yi juyin juya hali a wani wuri. Abin da ya bambanta Amurka shi ne waɗanda suka yi fushin. Lauyoyi ne da attajiran tashoshin ruwa da masu manyan gonaki, mutanen da suke riƙe da majalisun yankunansu da kotuna da sojojin sa kai. Wato sarakunan gargajiyar wurin, in za a ce haka, su ne suka juya wa Landan baya. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba. A Nuwamban 1775 gwamnan Ingila a Bajiniya, Dunmore, ya yi shelar cewa duk bawan ɗan tawaye da ya tsere ya shiga sojan sarki ya zama ɗa. Wannan shela ta ingiza masu gonakin da suke ɗari-ɗari suka rungumi tawaye. George Washington da Thomas Jefferson duk masu bayi ne. A Bajiniya daula ce ta yi barazanar kwance bayi, sai masu bayi suka yi tawaye. A Sakkwato 'yan tawaye ne suka buɗe wa bayi ƙofa, sai masu bayi suka koma bayan daula. Tsoro iri ɗaya ne, ya kai waɗannan gabas ya kai waɗancan yamma.

Sannan Amurkawa sun samu abokin waje. Faransa ta shiga yaƙin a 1778 da kuɗi da jiragen ruwa, kuma da wuya a ce Amurkawa sun ci yaƙin Yorktown a 1781 ba da ita ba. A 1906 Faransa da Ingila suna gefe guda, Ɗan Makaho ya gudu daga hannun ɗaya ya faɗa hannun ɗaya. Bayan shekara goma ma, da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, har da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, Ingilishi daga Najeriya sun taimaka wa Faransawa. Wannan ya nuna goyon bayan sarki shi kaɗai ba ya isa in makami ya yi nisa da makami. Amma dai Kawusan ya riƙe gari wata uku, Satiru kuwa ko wata guda ba ta cika ba.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Jihadin Shehu Usmanu da ya fara da hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804 ya ci nasara ne don ya haɗa abin da Satiru ta kasa haɗawa. Akwai malamai masu alƙalami da almajirai a kowace ƙasa, akwai shugabannin Fulani masu jama'a da dawaki, akwai talakawan da jangali da kuɗin gari da gaisuwa suka ishe su, abubuwan da Shehu da kansa ya lissafa a Kitabul Farƙi cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Sarakunan kuma kansu ba a haɗe yake ba. Cikin shekara huɗu Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Mutanen Satiru sun ɗauki kansu magadan wannan kira. Jikokin Shehu suka ɗauke su 'yan fitina, kamar yadda fadar Gobir ta ɗauki jama'ar Shehu a Degel.

Na san abin da wani zai ce, domin mu da muka ga Maitatsine a Kano a 1980, muka kuma ga abin da ya faru a Borno daga 2009, ba ma jin daɗin labarin malami mai da'awa da mabiya talakawa da makami. Kuma mutanen Satiru ba waliyyai ba ne. Kwana ɗaya kafin karonsu da Turawa sun afka wa maƙwabtansu na Tsomau da suka ƙi bin su, suka kashe mutane. Da sun ci Sakkwato babu tabbacin mulkin adalci za su kafa. Da'awarsu ta Mahadanci ba ta tabbata ba, kuma ban zo kare ta ba. Amma ƙin yarda da aƙidar mutum daban, ƙin tambayar abin da ya kai dubban manoma da bayi ƙarƙashin tutarsa daban. Bawan da ya gudu daga rinji ba muhawarar alamomin tashin ƙiyama ce ta kai shi Satiru ba. Ya je ne don nan kaɗai ne ba za a ɗaure shi a mayar wa ubangidansa ba. Manomin Kobkitanda da aka ɗebe shi aikin tilas aka ƙwace geronsa don ciyar da sojan Faransa, harshen addini ne kawai yake da shi na faɗin cewa tura ta kai bango, domin ba jam'iyya, ba jarida, ba ƙungiyar ƙwadago. Kuma akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba: waɗanda Satiru ta fuskanta sojojin mamaya ne da suka ci ƙasa da bakin bindiga shekara uku da suka wuce. In Attahiru na farko yana da haƙƙin ƙin su, ban ga abin da ya hana mai fartanya wannan haƙƙin ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tsara Arewar da muka gada. Turawa sun koyi darasin Satiru fiye da yadda muka koya. Sun gane cewa 'yan ɗaruruwan Turawa ba za su riƙe miliyoyin mutane ba sai da sarakuna, don haka duk sarkin da aka yi shakkar biyayyarsa aka kawar da shi. A 1906 ɗin aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, aka ci Haɗeja da yaƙi, aka cire Sarkin Katsina Yero aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko. A Damagaram ma a shekarar ce Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin shirya maƙarƙashiya. Waɗanda suka rage aka ƙarfafa su fiye da yadda kakanninsu suka taɓa yin ƙarfi. Kafin Nasara, sarkin da ya matsa wa jama'a yana tsoron bore, yana tsoron talakawa su yi ƙaura su bar masa kango, yana tsoron 'yan majalisa su juya masa baya. Bayan 1906 abu ɗaya ya rage masa ya ji tsoro, fushin Razdan. 'Yan shekaru kaɗan aka kafa baitulmalin En'e, aka sa sarakuna da hakimai kan albashi, aka ba su dogarai da kotu da gidan yari, haraji ya zama na kuɗi tsaba da ake ƙirga kai a karɓa. Tsoron Mahadanci kuma bai bar Turawa ba, shi ya sa a 1923 suka kama jagoran mabiya Mahadanci, Malam Sa'idu ɗan Hayatu, a Dumbulwa suka kai shi Buwaya ta ƙasar Kamaru.

Shi ya sa da jam'iyyar NEPU ta fito a Kano a Agustan 1950, rigimarta ba da Bature kaɗai ba ce. Malam Aminu Kano da abokansa sun ce talaka yana ƙarƙashin mulki hawa biyu, kuma na kusa da shi ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. An ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala a kotunan En'e, ba a kotun Bature ba. Harajin da jangalin da aka yi ta kuka da su kuwa sai a 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su, shekara 19 bayan an sauke tutar Ingila. Wanda ya ɗauka ranar 1 ga Oktoba 1960 ce ta amsa tambayar Satiru bai duba waɗannan shekarun ba.

Burmi tana da daɗin faɗa don kowa yana fita da mutuncinsa: sarki ya yi shahada, maƙiyi baƙo ne, ba wanda za a tuhuma a gida. Satiru ba ta da wannan sauƙin. In ka buɗe ta sai ka yi maganar bauta a ƙasar Musulmi, sai ka ambaci gidajen da har yau ake faɗuwa a gaishe su, sai ka tambayi ina aka kai matan nan da yaran nan kusan 3,000. Ba ina kira a tozarta kowa ba ne, babu mai rai a yau da ya hau doki ranar 10 ga Maris 1906. Amma al'ummar da take koya wa 'ya'yanta cewa turjiya aikin masu rawani ne kaɗai, tana koya musu su jira wani ya yi musu.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Yanzu da aka dawo da darasin tarihi makarantu, a sa Satiru kusa da Burmi a manhajar jihohin Arewa, da laifinta da zaluncin da aka yi mata, a bar yara su yi muhawara. Rahotannin Burdon da na Lugga suna nan a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, amma su bakin mai nasara ne. Ɗaya bakin yana ƙauyukan Dange da Shuni da Bodinga, da ƙasar Dosso a Nijar, wurin tsofaffin da suka ji daga kakanninsu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna da ɗaliban tarihi da za su iya ɗaukar na'ura su shiga ƙauyukan nan a rani guda, su naɗo abin da ya rage da Hausa da Zabarmanci, a buga shi cikin harshen da jikokin mutanen za su iya karantawa. Gwamnatin Jihar Sakkwato kuma ta kafa allo a kufan garin, a rubuta ranar da adadin waɗanda aka kashe.